Futura da 'ya'yanta: ina ya kamata su tsaya?

Duk wanda ya duba tamburan kamfanoni da hukumomi a 'yan shekarun nan zai ga kamar hannu ɗaya ne ya rubuta su. Haruffa ne masu kauri, a tsaye ƙyam, babu 'yan ƙafafun nan da ake sa wa harafi a bakinsa, waɗanda masu zane ke kira serif. O ɗinsu kamar da kamfas aka zagaya ta, A ɗinsu alwatika ce, sandunansu kuma kamar da rula aka ja su. Banki da su yake rubuta sunansa, kamfanin jirgin sama da su, asibiti da su, jam'iyyar siyasa da su, har da mai sayar da kaya a intanet wanda jiya ya buɗe shafinsa.

Wannan shi ne salon haruffan da ake kira Futura da waɗanda suka biyo sahunta. Ina son waɗannan haruffa, kuma zan faɗi dalili. Sai dai ina ganin an ɗora musu aikin da ba nasu ba. An yi su ne domin gajeriyar magana da za a hango daga nesa, amma yanzu da su ake rubuta umarnin shan magani, da sharuɗɗan bashi, da lambar asusu, da fom ɗin da dattijo zai cike da tabarau a hanci. Wannan ya wuce zancen ado ko son rai. Rubutun da jama'a ba su da zaɓi sai sun karanta shi haƙƙi ne a wuyan wanda ya buga shi.

Asalin abin daga Jamus ne, bayan yaƙin duniya na farko. A lokacin yawancin littattafai da jaridun ƙasar da rubutun Fraktur ake buga su, wato baƙin rubutun nan mai karye-karye da ƙawa, wanda baƙo ke shan wahala kafin ya bambanta harafi da harafi. Matasan masu zane suka ce zamanin injina ya zo, dole rubutu ya tuɓe kayan ado. A 1919 Walter Gropius ya kafa makarantar Bauhaus a birnin Weimar, inda ake koyar da cewa da'ira da murabba'i da alwatika su ne tushen kowace siffa. A 1925 Herbert Bayer, ɗaya daga cikin malamanta, ya zana haruffan da ya kira Universal, ya ma zubar da manyan baƙaƙe gaba ɗaya. Jakob Erbar ya fitar da nasa a 1926, Rudolf Koch ya fitar da Kabel a 1927. A wannan shekarar ta 1927 ce kamfanin Bauer da ke Frankfurt ya fitar da Futura, aikin Paul Renner, kuma ita ce ta yi zarra har yau. Mutane da yawa suna ɗauka Renner ɗan Bauhaus ne, alhali bai taɓa koyarwa a can ba. Shugaban makarantar masu ɗab'i ne a Munik, kuma a 1933 'yan Nazi suka kama shi suka raba shi da muƙaminsa, bayan wani ɗan littafi da ya rubuta a 1932 yana sukar yadda suke yi wa fasahar zamani. Na kawo wannan ne don a san cewa mutanen da suka ƙirƙiro salon nan ba kasuwa kawai suke nema ba. Sun yi imani cewa rubutu mai sauƙi, wanda ba na wata ƙabila ko wani aji ba, zai amfani kowa.

Abin da ya fi burge ni a aikin Renner shi ne inda ya sassauta wa aƙidarsa. Zanensa na farko yana da wasu haruffa, irin su a da g da m da r, da ya harhaɗa da tsantsar da'ira da sanda, har sai mutum ya tsaya ya yi tunani kafin ya gane su. Daga baya aka ajiye su gefe, aka bar waɗanda ido ya saba da su. Ita ma O ɗin da kowa ke rantsuwa cikakkiyar da'ira ce, ka ƙara girmanta ka auna. Za ka tarar samanta da ƙasanta sun ɗan fi gefunanta siranta, domin ido yana ganin layin kwance ya fi na tsaye kauri ko da kaurinsu ɗaya ne. Za ka kuma tarar ta ɗan zarce layin da H ko E suka tsaya a kai, sama da ƙasa, domin in an yi su tsawo ɗaya daidai sai O ta yi kamar ƙanwarsu. Tsinin A ma haka yake leƙowa. A wurin da cikin b ko d ke haɗuwa da sandarsa, an rage kaurin layin sosai, don kada tawada ta taru a lungun ta yi baƙi ƙirin. Duk lokacin da aka ƙara wa harafin kauri, sai an ƙara irin waɗannan gyare-gyaren. Ma'ana, harafin da ke alfahari da lissafi bai yi kyau ba sai da mai shi ya karya lissafin ya bi abin da ido ke so. Waɗanda suka zo daga baya, musamman masu fitar da kwaikwayo barkatai a intanet, da yawansu sun ɗauki kamfas da rula sun bar wannan darasin.

A inda salon ya dace kuwa, babu na biyunsa. Farantin ƙarfen da 'yan sama-jannatin Apollo 11 suka bari a duniyar wata a watan Yulin 1969, da Futura aka rubuta shi. Tallace-tallacen Volkswagen da suka yi suna a Amurka tun daga ƙarshen shekarun 1950 da ita aka yi su: ƙaramar mota, fili fari fes, da kalmomi biyu ko uku. Taken Nike na 1988 da nau'inta mai kauri da matsewa aka buga shi. Mai fasaha Barbara Kruger ta shafe shekaru tana ɗora fararen haruffan Futura masu kauri a kan jan zirin da ke bisa hotuna, kalmomi kaɗan masu dukan zuciya. Sai kuma Gotham, 'yar uwar Futura a salo, wadda Tobias Frere-Jones ya zana a 2000 bayan ya bi tsofaffin gine-ginen New York yana nazarin rubutun da ke jikinsu, musamman na tashar motocin Port Authority. Ita ce Barack Obama ya yi yaƙin neman zaɓen 2008 da ita, kuma tun daga nan 'yan siyasa a ƙasashe da dama suka rungumi irinta.

Duk waɗannan misalai abu ɗaya ya haɗa su: magana gajera, harafi babba. Siffa mai sauƙi tana jure wahala. A sassaƙa ta a ƙarfe, a yanka ta a leda, a ɗinka ta a riga, a ƙanƙanta ta ta zama ɗan tambari a fuskar waya, tana nan yadda take. Lokacin da Google ya canza tambarinsa a watan Satumban 2015, ya bar tsohon mai 'yan ƙafafu ya koma irin wannan, cikin dalilan da ya bayar har da nauyin fayil ɗin hoton: akwai nau'in sabon tambarin da bai wuce bayit 305 ba, alhali tsohon ya kai wajen 14,000. Ga mai amfani da intanet mai rauni wannan ba ƙaramin abu ba ne. Don haka ba na cikin masu cewa yayi ne kawai ya kawo salon. Yana da amfani na gaske.

Matsalar tana farawa ne idan aka sauko daga take zuwa jikin rubutu. Ido ba ya karanta harafi ɗaya-ɗaya kamar ɗan aji ɗaya. Yana tsalle ne a kan layi, yana cafko bambancin da ke tsakanin siffofi. Shi kuwa salon da'ira da sanda, duk kyawunsa a kan rage bambanci aka gina shi. Ɗauki Futura ko Avant Garde Gothic, wadda Herb Lubalin da Tom Carnase suka fitar a 1970. Ƙaramar a ɗinsu da'ira ce da aka jingina wa sanda, don haka tazarar da ke tsakaninta da o ɗan guntun layi ne kawai. Haruffan b da d da p da q da'ira ɗaya ce da sanda ɗaya, ana juya su hagu da dama, sama da ƙasa. Babbar I da ƙaramar l sanduna ne biyu tsirara, a wasu nau'o'in ma lamba 1 ta zama ta ukunsu. C da G da O da Q 'yan gida ɗaya ne. A kan allon talla mai faɗin bango babu wanda zai ruɗe. A kalmar sirri, ko lambar tikiti, ko sunan magani da aka buga a jikin 'yar kwalba, kuskuren harafi ɗaya ya isa ya ɓata komai.

Sai a ƙara kauri a kai. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne, farin da ke cikin harafi yana aiki daidai da baƙin da ke kewaye da shi. Idan aka kumbura layi, wannan farin ne ke biyan kuɗin. Idon e yana tsukewa, bakin c da na s suna kusan rufewa, ramin a yana zama ɗigo. A fuskar kwamfuta mai kyau ba za a ga illar ba. Amma a buga shi ƙanana da injin da tawadarsa ke malala, ko a yi hotonsa sau biyu sau uku, ko a sa shi fari a kan bango mai duhu inda haske ke sa gefunan harafi su yi kamar suna narkewa, sai e da o da a su koma ƙwallaye uku masu kama da juna. Ga shi kuma haruffa masu da'ira suna da faɗi ƙwarai, su i da l da t kuwa sirara ne, don haka layi yana tafiya yana buɗewa yana tsukewa, ido ya gaji kafin a kai ƙarshen shafi.

Su wa ke ɗaukar wannan nauyin? Ba matashin da ya tsara shafin ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da matsalar gani, na kusa ko na nesa. Duk wanda ya haura shekara 40 ya san yadda hannu ke fara miƙewa da takarda. Ga masu koyon karatu da girma, ga masu karatu da harshen da ba nasu ba, ga yaran da b da d ke juya musu. Waɗannan ba su ne ake gwada zane a kansu ba, kuma ba su cika yin ƙorafi ba. Mutum zai ɗauka idonsa ne ya gaza, ya miƙa wa wani ya karanta masa, ko ya sa hannu bai karanta ba.

Waɗanda suka ɗauki karatun jama'a da muhimmanci sun bi wata hanya dabam. Lokacin da Jock Kinneir da Margaret Calvert suka tsara alamomin titunan Birtaniya daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon 1960, sun zana haruffan Transport masu buɗaɗɗen baki, suka sa wa ƙaramar l ɗan lanƙwasa a ƙasa, suka kuma haɗa manyan baƙaƙe da ƙanana domin direba ya gane siffar sunan gari tun kafin ya iso. Adrian Frutiger ya zana haruffan filin jirgin saman Charles de Gaulle na Faransa a shekarun 1970 da tunanin matafiyin da ke sauri yana kallon allo ta gefe. Daga baya hukumar lafiya ta Ingila ta ɗauki waɗannan haruffan a matsayin nata. Shi wannan Frutiger ɗin, da ya zo yin nasa salon da'irar a 1988, wato Avenir, bai bi Futura ido rufe ba: ya dawo da a mai hawa biyu, wato mai ƙugiya a sama, ya rage tsawon sandunan da ke miƙewa sama. A 2019 kuma cibiyar Braille Institute ta Amurka ta fito da Atkinson Hyperlegible domin masu raunin gani, inda da gangan aka sa kowane harafi ya yi hannun riga da mai kama da shi: sifili da layi a cikinta, I da 'yan ƙafafu, l da wutsiya. Duk waɗannan haruffa ne marasa ado, na zamani, masu tsabta. Ba sai an koma Fraktur ba kafin a tausaya wa mai karatu.

Na san abin da za a ce. Za a ce mutum ya fi saurin karanta abin da ya saba da shi, kuma duniya ta riga ta saba da wannan salon. Akwai gaskiya a ciki. Za a kuma ce a mai da'ira ita ce ta fi kama da wadda yaro ke rubutawa da hannu, shi ya sa littattafan 'yan firamare da yawa suke amfani da ita. Wannan ma haka ne, kuma a babban rubutu mai tazara ban ga laifinsa ba. Sannan 'ya'yan Futura na baya-bayan nan, irin su Gotham da Montserrat, sun gyara wasu kurakuran uwarsu. Amma sabo ba ya buɗe idon e da kauri ya toshe, kuma ba ya raba I da l a cikin lambar da ba ta da ma'anar da za a yi hasashe da ita. A jimla, mai karatu yana cike giɓi da hankalinsa. A lambar asusu babu abin da zai cike da shi.

Akwai wata asarar kuma da ba a cika magana a kanta ba. Amfanin harafi mai kauri shi ne ya ce wa mai karatu: nan ne wurin da ya fi muhimmanci. Kamar lasifika ne, ana ɗaga ta don sanarwa ɗaya a ajiye. Idan take da kauri, ƙaramin take da kauri, bayani da kauri, gargaɗi da kauri, to gargaɗin ya ɓace a cikin taro. A takardar magani, layin da ke cewa kada mai juna biyu ta sha shi ne ya cancanci kaurin, kuma ba zai fito ba sai sauran sun yi ƙasa da murya.

Batun kamanceceniya ma yana damuna, ko da yake ba kamar na farko ba. Cikin 'yan shekaru manyan gidajen tufafi na Turai suka bar tsofaffin tamburansu suka koma haruffa marasa ƙafa masu kauri: Saint Laurent a 2012, Balenciaga a 2017, Burberry a 2018, kafin ita Burberry ta sake komawa mai ƙafafu a 2023. Wannan matsalarsu ce, su da masu sayen kayansu. Inda abin ya shafi kowa shi ne, salon ya zama rigar amana. Yana ba da kamannin tsabta da gaskiya da ƙwarewa, kuma kyauta ake samunsa. Montserrat, wadda Julieta Ulanovsky ta zana daga tsofaffin allunan wata unguwa a Buenos Aires ta kuma fitar da ita a 2011, kowa na iya sauke ta ba tare da biyan komai ba. Wannan alheri ne babba ga ƙananan masu sana'a, ban ƙi ba. Amma ɗan damfara ma yana sauke ta, ya haɗa shafin da ba ka iya bambanta shi da na banki cikin awa ɗaya. Idan dukkan hukumomi suka zaɓi fuska ɗaya, sun sauƙaƙa wa mai son ya saka fuskarsu.

Sannan ga alƙawarin da aka yi tun farko, na rubutun da zai zama na kowa. Yawancin waɗannan haruffa an zana su ne da harsunan yammacin Turai a zuciya. Rubuta kalma mai ɓ ko ɗ ko ƙ da wasunsu ka ga abin da ke faruwa: ko dai wani akwati ya fito a gurbin harafin, ko kwamfuta ta aro shi daga wani salon, sai ka ga siririn harafi ya tsaya a tsakiyar masu kauri kamar baƙo. Masu rubuta Biyetnamanci, da alamominsu masu hawa kan juna, suna fama da irin wannan, haka masu harsuna da yawa na Afirka da Asiya. Kamfanin IKEA ya yi shekaru da dama yana amfani da wani nau'in Futura, ya bar shi a 2009 ya koma Verdana, masu zane suka yi ta kuka. A 2019 ya sake canzawa zuwa Noto, wadda aka tsara domin ta ɗauki rubutun harsunan duniya. Mutane sun ce an yi asarar kyau, kuma wataƙila an yi. Ni dai ina ganin kamfanin da ke magana da mutane a ƙasashe da yawa ya yi daidai da ya fifita harafin da zai iya rubuta sunayensu.

Abin da nake nema ba haramci ba ne. A bar wa salon nan tambari, da take, da fosta, da allon da za a hango daga tsallaken titi, da lambar ɗaki ko ta bene. A nan ya fi kowa. Amma duk hukumar da ke buga abin da mutum zai sa wa hannu, ko zai sha, ko zai biya kuɗi a kansa, ta raba aikin gida biyu: harafi ɗaya na kira, wani na karatu. Ƙa'idojin sauƙaƙa shafukan intanet da ake kira WCAG sun riga sun tanadi ma'auni a kan bambancin launi tsakanin rubutu da bangonsa, 4.5 zuwa 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 zuwa 1 ga babba. Ba su tilasta wani salon harafi ba, don haka wannan hukuncin yana hannun wanda ke amincewa da zane.

Shi kuwa wannan mutumin, sau da yawa shugaban ofis ne da aka nuna wa aikin a babban allo a ɗakin taro, inda komai ke sheƙi. Kafin ya ce a buga, ya sa a fitar masa da shafin a ainihin girmansa, da injin da za a yi aikin da shi. Ya sa a rubuta masa I da l da 1 a jere, O da 0, a da o da e, da haruffan duk harsunan da mutanensa ke karantawa. Sannan ya miƙa takardar ga wanda ya fi kowa shekaru a ma'aikatar, a cikin hasken da ba shi da ƙarfi, ya ce ya karanta masa lambar da ke ƙasan shafi da babbar murya. In ya yi tuntuɓe ko sau ɗaya, a mayar wa mai zane ya canza harafin jikin rubutun, a bar masa takensa yadda yake so.